Lissafi Ya Ƙi Fita: Ko Akwai Ɓoyayyen Dillali A Cikin Ƙwayar Zarra?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa auna buhunan riɗi ko dawa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, ya ɗauko su a mota ya zo Gallabat ya sake ɗora su a kan sikeli, ya san irin faɗuwar gaban da ake yi idan awon biyu suka saɓa. Kilo 9,000 ka rubuta a littafinka, ga shi sikelin bakin iyaka ya nuna 8,700. Nan take tunani biyu za su zo maka: ko dai wani ya sa hannu a kayan a kan hanya, ko kuwa ɗaya daga cikin sikelin biyu ne ya karkace. Wanda ya yi gaggawar kama yaron mota da sata, daga baya aka gano laifin sikeli ne, ya ji kunya kuma ya ɓata zumunci. Wanda kuma ya share zancen, ya ce ai sikeli ne, alhali da gaske ana yi masa ɗauki ɗai-ɗai, to jarinsa ne zai narke yana ji yana gani.

To, mai karatu, irin wannan tsaka-mai-wuya ce dubban masana kimiyyar fiziks suka samu kansu a ciki tun daga shekarar 2012. Su ma suna da littafin lissafi, suna da sikeli, kuma awonsu ya ƙi yin daidai da abin da ke rubuce. Bambancin kawai shi ne kayan da suke aunawa sun fi ƙwayar riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan ya tabbata akwai hannun wani a cikin giɓin, to an gano wata sabuwar ƙwaya ko wani sabon ƙarfi a cikin halitta wanda ɗan Adam bai taɓa sani ba, kuma sai an sake rubuta littattafan kimiyya. Idan kuwa sikeli ne ko kuskuren lissafi, to shekaru da dama na fata sun tafi ke nan.

Mene Ne Kwak?

Duk abin da ido ke gani, daga buhu zuwa motar da ta ɗauko shi, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra. A tsakiyar kowace ƙwayar zarra akwai wani dunƙule na ƙwayoyin da ake kira furoton da niyutiron, sannan wasu ƙanana masu suna ilektiron suna kewaye da shi. Ilektiron ɗin nan shi ne ke gudu a cikin waya ya kawo wutar lantarki. A shekarar 1964 ne masana biyu, Murray Gell-Mann da George Zweig, kowa ta nasa ɓangaren, suka ce furoton da niyutiron su ma da abin da ke cikinsu, wato wasu ƙwayoyi uku-uku da aka raɗa wa suna kwak.

A yau an san kwak iri shida ne, kuma ana kiran su da haruffa: u, d, s, c, b da t. Biyun farko su ne marasa nauyi, kuma da su aka gina duk abin da muke taɓawa. Sauran huɗun ba sa zama. Sai an yi karo mai tsanani suke fitowa, kuma kafin ƙiftawar ido sun rikiɗe sun koma ƙwayoyi marasa nauyi, kamar yadda babbar takardar kuɗi ba ta daɗewa a hannun mai tebur sai an fasa ta ta zama canji. Wanda ya fi jan hankali a cikinsu shi ne kwak b, wanda ayarin Leon Lederman ya gano a 1977 a cibiyar Fermilab da ke kusa da birnin Shikago na Amurka. Shi kaɗai ya fi furoton guda nauyi sau huɗu da 'yan kai. Ba ya tafiya shi ɗaya, sai ya haɗu da wani abokin tafiya su zama ƙwayar da ake kira mezon B, wadda tsawon ranta bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin tiriliyan na daƙiƙa ba.

Littafin lissafin da masana ke aiki da shi sunansa Daidaitaccen Tsari. An kammala gina shi a shekarun 1970, kuma a cikinsa an rubuta kowace ƙwaya da irin hanyoyin da za ta bi wajen rikiɗa, da yawan yadda za ta bi kowace hanya. Fiye da shekara 50 ke nan ana jarraba wannan littafi, kusan kullum shi ke da gaskiya. Ƙwayar ƙarshe da ya yi hasashe, wato ƙwayar Higgs, an sanar da gano ta ranar 4 ga Yulin 2012.

Amma kowa a cikin masanan ya yarda littafin bai cika ba. Bai ce komai ba kan ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ƙasa. Bai bayyana ɓoyayyen abin nan da masu nazarin taurari suka gano ya fi duk abin da ake gani a sararin samaniya nauyi wajen sau biyar ba. Haka nan bai faɗi dalilin da ya sa duniya ta cika da ƙwayoyi, kishiyoyinsu kuma suka ɓace ba, alhali a lissafi tare ya kamata a ce an samar da su, daidai wa daida. Shi ya sa duk inda aka ga giɓi a littafin, sai hankalin kowa ya koma can.

Ramin Da Ya Ratsa Iyaka

Babban wurin da ake wannan awo shi ma a bakin iyaka yake, kamar Gallabat da Matamma. Cibiyar CERN, wadda ƙasashen Turai suka kafa a 1954, tana kusa da birnin Janeba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa. A ƙarƙashin ƙasa, zurfin wajen mita 100, an haƙa rami mai siffar zobe wanda kewayensa ya kai kilomita 27, kuma ya tsallake iyakar ƙasashen biyu a wurare huɗu. A cikin ramin ne aka girke na'urar da ake kira LHC, inda ake koro furoton ta fuska biyu da gudun da ya kusa kai na haske, a gwara su da juna. Kowane furoton yana zagaye zoben fiye da sau 11,000 a daƙiƙa guda, wato yana ƙetare iyaka wajen sau 45,000, ba fasfo ba takardar kwastan.

A wurare huɗu da ake gwara su akwai manyan na'urorin awo. Ɗaya daga cikinsu, mai suna LHCb, an gina ta ne musamman saboda kwak b. Tana ɓangaren Faransa, nauyinta tan 5,600, tsawonta mita 21. Saboda tsananin gudun da mezon B ke fitowa da shi, takan yi tafiyar kimanin santimita guda kafin ta rikiɗe, kuma wannan ɗan taƙin ne ke ba na'urar damar bambanta ta da sauran tarkacen karon. Daga nan sai ƙirga: cikin biliyoyin mezon B da aka samar, nawa suka bi wannan hanya, nawa suka bi waccan, sannan a ɗauko littafi a gwada.

Akwai kuma wani sikelin a ƙasar Japan, a cibiyar KEK da ke garin Tsukuba. A can ilektiron ake gwarawa da kishiyarsa a zobe mai kewayen kilomita 3, kuma na'urar awonsu mai suna Belle II ta fara cikakken aiki a 2019. Kafin ita an yi Belle ta farko a wuri guda daga 1999 zuwa 2010, da kuma BaBar a jihar Kalifoniya ta Amurka daga 1999 zuwa 2008. Amfanin sikeli fiye da ɗaya ba sai an yi wa ɗan kasuwa bayani ba.

Dillalin Da Ba A Gani

Abin tambaya a nan shi ne, ta yaya ƙirga ƙwayoyin da aka riga aka sani zai tona asirin wadda ba a sani ba? Amsar tana cikin wata ɗabi'a ta ƙananan ƙwayoyi mai ban mamaki. A daidai lokacin da kwak b ke rikiɗa, wata ƙwaya mai tsananin nauyi tana iya bayyana na ɗan mitsitsin lokaci, ta shiga tsakani, ta ɓace. Ba na'urar da za ta gan ta, amma shigarta takan canza yawan yadda cinikin ke faɗawa. Kwatankwacin dillali ne da bai taɓa zuwa rumfarka ba, ba ka san fuskarsa ba, amma idan ka zauna ka yi lissafi sosai za ka ga la'adarsa a cikin farashi.

Wannan dabara ta taɓa yin aiki, ba sau ɗaya ba. A 1970 masana uku, Sheldon Glashow da John Iliopoulos da Luciano Maiani, sun lura cewa wata rikiɗa ta ƙwayar da ake kira kayon ba ta aukuwa da yawan da lissafi ya nuna. Suka ce lallai akwai kwak na huɗu da ke shiga tsakani yana rage ta. A 1974 aka gano shi, shi ne kwak c. A 1973 Makoto Kobayashi da Toshihide Maskawa na Japan suka yi hasashen wasu ƙarin kwak biyu, wanda hakan ya jawo masu lambar yabo ta Nobel a 2008. A 1987 kuma na'urar ARGUS da ke Hambug a Jamus ta auna wata ɗabi'a ta mezon B wadda ta nuna lallai kwak t ya fi yadda ake zato nauyi sosai, shekara takwas kafin a gan shi ƙuru-ƙuru a Fermilab a 1995.

Inda aka fi sa ran kama sabon dillali shi ne a cinikin da ba kasafai yake faɗawa ba, domin a nan ne 'yar ƙaramar la'ada za ta fito fili. Misali, kwak b ya koma kwak s tare da fitar da wasu ƙwayoyi biyu, abu ne da ke aukuwa kimanin sau ɗaya cikin miliyan. Zanen da masana ke yi na irin wannan rikiɗa sunansa zanen fengwin, wato tsuntsun nan na yankin ƙanƙara mai tafiya a tsaye. Masani John Ellis ne ya sa sunan a 1977, bayan an cinye shi a wasan jifa bisa sharaɗin sai ya sa sunan tsuntsun a takardar bincikensa ta gaba.

'Yan Uwa Uku A Gaban Kwastan

Ilektiron yana da 'yan uwa biyu masu kama da shi a komai in ban da nauyi. Akwai muwon, wanda aka gano a 1936, ya fi shi nauyi sau 207. Akwai kuma tawu, wanda Martin Perl ya gano a 1975, ya fi shi nauyi wajen sau 3,500. Daidaitaccen Tsari ya ce dokokin halitta ba sa nuna wa ɗayansu fifiko. Kamar jami'in kwastan ne mai adalci: 'yan uwa uku sun zo da kaya iri ɗaya, haraji ɗaya zai yanka masu, ko da wani siriri ne wani kuma ƙato.

Saboda haka idan mezon B ta rikiɗe ta zama kayon da muwon biyu sau 100, ya kamata ta zama kayon da ilektiron biyu sau 100. A 2014 LHCb ta auna, sai ta samu a kan kowane 100 na ilektiron, na muwon kimanin 75 ne kacal. A 2017 aka auna wata rikiɗa mai kama da ita, nan ma muwon ya gaza. A watan Maris na 2021, bayan an tara bayanai masu yawa, adadin ya tsaya a kan kimanin 85 bisa 100. Jaridun duniya suka ɗauka, ana ta batun ko an gano ƙarfi na biyar a cikin halitta, ƙari a kan huɗun da aka sani. Masana kuma suka rubuta ɗaruruwan takardu suna hasashen wane ne wannan jami'i mai son kai.

Sai dai su masu awon ba su ce sun gano komai ba, saboda suna da wata ƙa'ida mai tsauri da suke kira sigma, wadda ke nuna yadda zai yiwu a ce sa'a ce kawai ta kawo giɓin. Sakamakon 2021 ya kai sigma 3.1, wato yiwuwar ya zo bisa katari kimanin ɗaya ce cikin 1,000. Kamar ka jefa kwabo sama sau 10 a jere, kullum fuska ɗaya ke fitowa. Abin mamaki ne, amma idan mutum dubu suna jefawa a kasuwa, ba wuya a samu wanda hakan ta faru gare shi, kuma awon da ake yi a waɗannan na'urori ɗaruruwa ne. Kafin su yarda an gano sabon abu sai an kai sigma 5, wato ɗaya cikin miliyan uku da rabi, kusan a ce kwabon ya faɗi fuska ɗaya sau 22 a jere. Ko a hakan ma, sigma ba ta kare mutum daga karkataccen sikeli.

Ranar Da Aka Gano Tsakuwa A Buhu

Ranar 20 ga Disambar 2022 ayarin LHCb da kansu suka tara jama'a a CERN suka ba da sabon sakamako. Sun koma kan bayanan da suka tara, sun sake tankaɗe su da rariya mai ƙananan ido, sai ga adadin ya tashi zuwa kusan 95 bisa 100 a wani ɓangare, kusan 99 a wani, wanda idan aka yi la'akari da kuskuren awo daidai yake da abin da littafi ya ce. Giɓin da aka shekara takwas ana magana a kai ya toshe.

Me ya faru? Auna ilektiron a wannan na'ura ya fi auna muwon wuya, domin ilektiron yakan zubar da ƙarfinsa a hanya yayin da yake ratsa na'urar. Ashe wasu ƙwayoyi daban, irin su fayon da kayon, suna shigowa a ɗauke su a matsayin ilektiron, kuma an raina yawansu a lissafin baya. Wato buhun ilektiron ne aka samu tsakuwa a ciki ya ƙara nauyi, shi ya sa aka ga kamar na muwon ya ragu. Ba wanda ya saci komai.

Ba wannan ne karo na farko da murna ta koma ciki ba. A 2011 ayarin OPERA da ke Italiya ya ba da rahoton ƙwayoyin niyutirino da suka fi haske gudu, sai a 2012 aka gano wata wayar sadarwa ce ba ta ɗauru sosai ba. A Disambar 2015 manyan na'urorin ATLAS da CMS na CERN suka ga alamar wata sabuwar ƙwaya mai nauyi, amma zuwa watan Agustan 2016, da aka ƙara bayanai, alamar ta ɓace. Abin lura shi ne, a batun OPERA da na LHCb, masu sikelin ne da kansu suka binciko aibinsa suka kuma shelanta wa duniya. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Giɓin Da Ya Ƙi Toshewa

Da a ce nan zancen ya ƙare, da ba mu ɗauko shi ba. Akwai sauran wurare uku da lissafin bai fita ba.

Na farko ya shafi tawu, babban 'yan uwan nan uku, kuma shi ne mafi daɗewa. A 2012 ayarin BaBar ya auna yadda kwak b ke komawa kwak c tare da fitar da tawu, ya gwada da yadda yake yi da muwon ko ilektiron. A nan nauyin tawu yana da tasiri, kuma littafi ya riga ya sa shi a lissafi: a ɗaya daga cikin hanyoyin, a kan kowane 100 na muwon ya kamata a samu kimanin 25 na tawu. BaBar ta samu fiye da haka, da tazarar sigma 3.4. Daga 2015 Belle da LHCb suka shiga awon, daga baya Belle II ta biyo. Idan aka haɗa dukkan sakamakon, adadin yana tsayawa wajen 28 zuwa 29, tazarar kuma tana sama da sigma 3. Ba wani sikeli guda da ya nuna babban giɓi shi kaɗai a 'yan shekarun nan, amma yawancinsu ɓangare guda suka karkata. Wahalar ita ce tawu yakan rikiɗe nan take ya fitar da niyutirino, ƙwayar da ke ratsa na'ura ta wuce ba a gan ta ba. Kamar a ce ka ƙiyasta yawan kayan da aka sauke ta hanyar duban sawun tayar mota.

Na biyu yana cikin zanen fengwin ɗin nan, amma ɓangaren muwon kaɗai. Tun 2013 LHCb ta lura cewa idan mezon B ta rikiɗe ta fitar da muwon biyu da wasu ƙwayoyi biyu, kusurwoyin da suke watsuwa ba su yi daidai da lissafi ba. An sake awon a 2015 da 2020, karkatar tana nan. A 2024 na'urar CMS ta yi nata awon ta samu abin da ya yi kama da na LHCb, sannan a 2025 LHCb ta sake fitar da sakamako da bayanai masu yawa, karkatar ba ta gushe ba. Bugu da ƙari, yawan aukuwar irin waɗannan rikiɗa ya gaza abin da aka lissafa a hanyoyi da dama. Da yake awon 2022 ya nuna ilektiron da muwon kunnen doki suke, ma'ana idan akwai giɓi, to ya shafi su biyun ne baki ɗaya.

Na uku sabo ne. A 2023 Belle II ta ba da shaidar farko ta mezon B da ke komawa kayon da niyutirino biyu, kuma yawan da ta samu, kimanin sau 23 cikin miliyan, ya ninka na littafi wajen sau huɗu. Sai dai kuskuren awon yana da faɗi, don haka tazarar sigma 2.7 ce kawai.

A gefe guda kuma akwai inda littafi ya ci. Wata rikiɗa da ke aukuwa kimanin sau uku cikin biliyan, inda wata irin mezon B ke komawa muwon biyu kaɗai, awon da CMS ta fitar a 2022 ya zo daidai da hasashe. Duk wanda zai kawo sabon bayani, tilas bayanin nasa ya toshe giɓin can ba tare da ya ɓata wannan ba.

Su Wa Ake Zargi?

Wanda aka fi ambata shi ne leptokwak. Mai karatu ya san aikin ɗan canji a bakin iyaka: ka ba shi fam ɗin Sudan ya ba ka bir ɗin Habasha. A Daidaitaccen Tsari, dangin kwak daban, dangin ilektiron da muwon da tawu daban, kuma ba ɗan canji a tsakaninsu. Leptokwak ƙwaya ce da ake hasashe wadda za ta karɓi kwak ta miƙo tawu ko muwon kai tsaye. Tunanin ya samo asali ne daga aikin da Jogesh Pati ɗan Indiya da Abdus Salam ɗan Pakistan suka wallafa a 1974, inda suka ce watakila dangin biyu tushensu guda. Idan wannan ɗan canji ya fi son hulɗa da masu nauyi, wato kwak b da tawu, to zai iya bayyana giɓin farko, har ma ya taɓa na biyu da na uku.

Na biyu da ake zargi wata ƙwaya ce mai ɗauke da sabon ƙarfi, 'yar uwar ƙwayar Z da aka gano a CERN a 1983, sai dai ta fi ta nauyi sosai. Akwai kuma masu cewa ƙwayar Higgs tana da 'yan uwa masu cajin lantarki. ATLAS da CMS sun daɗe suna farautar waɗannan ƙwayoyi gaba da gaba, ba su kama ko ɗaya ba, wanda hakan ke nuna idan suna nan, yawancin nau'o'in da ake hasashe sun fi furoton nauyi sau dubu ko fiye.

Sai kuma wanda ake zargi na cikin gida, wato lissafin kansa. A cikin zanen fengwin, kwak c da kishiyarsa suna iya bayyana su shiga tsakani su ɓace. Wannan sanannen dillali ne, yana cikin littafi, amma ƙarfin da ke ɗaure kwak da juna yana da wuyar lissafi ƙwarai, har da manyan kwamfutoci. Idan an raina la'adarsa, to karkatar kusurwoyin nan za ta iya zama tasa ce. Wannan shi ne babban abin da masana ke jayayya a kai. Suna kuma da dalilin yin taka-tsantsan, domin an shekara 20 ana ganin giɓi a wani awo na maganaɗisun muwon, sai a 2025 sabon lissafi da kwamfuta ya matso ya haɗu da awon da Fermilab ta yi. A can sikeli lafiyarsa lau, alƙalami ne ya zame.

Ina Ruwan Ɗan Kasuwa?

Wani zai ce, mu da muke fama da tsadar kaya da faɗuwar darajar kuɗi da halin da ƙasa ta shiga tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023, ina ruwanmu da ƙwayar da ba ta kai daƙiƙa ba? Gaskiya ne ko an gano leptokwak gobe, ba zai rage ko fam guda a kuɗin buhun dawa ba. Amma irin wannan bincike yakan haifi abin da ba a zata ba. A CERN ɗin nan ne Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet a 1989, don kawai masana su riƙa musayar bayanai, ga shi yau da shi ɗan kasuwa ke duba farashi a wayarsa. Kishiyar ilektiron, wadda aka gano a 1932, da ita ake ɗaukar hoton cikin jiki don gano ciwon daji. Shi kuwa muwon, wanda ke zubowa daga sama dare da rana har kimanin guda ɗaya na ratsa tafin hannunka a kowace daƙiƙa, da shi aka gano wani babban ɓoyayyen sarari a cikin dalar Khufu ta Masar a 2017, kuma an ƙera na'urorin da ke amfani da shi wajen leƙa cikin kwantena ba tare da an buɗe ba.

Afirka ma ba a bar ta a baya gaba ɗaya ba. Masana daga Maroko da Afirka ta Kudu suna cikin ayarin ATLAS, na Masar suna cikin CMS. Tun 2010 ake gudanar da wata makarantar horar da matasan Afirka kan wannan fanni, wadda aka fara a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, aka yi a Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016. Yaron da ke riƙe wa mahaifinsa littafin shago a Gallabat ko Doka, wanda ba ya barci sai lissafin ranar ya fita, ya riga ya mallaki ɗabi'ar da aikin ke bukata. Sauran ya rage ga makaranta da kuma iyayen da za su bar shi ya zauna a cikinta.

Sai Yaushe Za A Sani?

Ba nan kusa ba. LHCb ta koma aiki a 2022 bayan an sabunta kusan dukkan sassanta, ta yadda za ta tara bayanai da saurin da ya ninka na da wajen sau biyar. Bisa jadawalin CERN, an tsara dakatar da LHC a tsakiyar 2026 don yi mata babban garambawul, ta dawo a 2030 da ƙarin yawan karo. Belle II kuwa burinta shi ne ta tara bayanan da suka ninka na Belle ta farko sau 50. A ɗaya ɓangaren masu alƙalami suna ta ƙoƙarin tantance la'adar kwak c.

Saboda haka, idan mai karatu ya ji a rediyo an ce an gano sabon ƙarfi a cikin halitta, ga tambayoyin da zai yi, irin waɗanda ya saba yi a bakin sikeli. Sigma nawa ne, ya kai biyar? Sikeli nawa suka nuna hakan, na Janeba kaɗai ne ko har da na Tsukuba? Sannan masu littafi sun yarda da lissafinsu kuwa? Sai amsoshin sun zo daidai sannan za a kama wani da laifi. Kafin nan, buhunan suna nan jibge a bakin sikeli, ana ci gaba da awo.